Wakilin Gida Ɗari Huɗu

Babana mai gyaran agogo ne, kuma shekara goma sha tara ke nan yana wakiltar gida ɗari huɗu da bai san ƙofar ko ɗaya a cikinsu ba. Ba wanda ya zaɓe shi. Wata cibiyar bincike ce ta masana tattalin arziki da walwalar jama'a ta tsinto gidanmu cikin dubban gidaje, ta turo mutum biyu da jaka da dogon fom. Suka manna wata 'yar shuɗiyar sitika a saman ƙofarmu, suka ce duk shekara za su dawo su yi mana tambayoyi. Ina aji shida a lokacin. Sauran gidajen da abin ya faɗa a kansu a tsaye suka amsa, suna Allah-Allah a tafi. Baba kuwa kujera ya jawo, ya ce Umma ta ɗora shayi.

Duk laifin wani farfesa ne, dogo mai sanƙo, da ya biyo ma'aikatansa a shekara ta biyu. Baba ya tambaye shi me amsar mai gyaran agogo ɗaya za ta tsinana wa ƙasa guda. Da farfesan ya san da wa yake magana, da ya ja bakinsa ya yi shiru. Sai ya gyara zama ya shiga bayani: ba za su iya shiga kowane gida ba, saboda haka duk gidan da suka ɗauka yana tsaye ne a madadin wasu irinsa.

"Kai, Malam, a lissafinmu gida ɗari huɗu ne. Abin da ka faɗa, mu ɗauka su suka faɗa."

Baba ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya ƙare masa kallo. "Ɗari huɗu cif?"

"Kusan haka."

"A'a, Farfesa. Ko cif, ko ba cif ba."

"To, cif."

Daga ranar muka shiga uku a gidan nan.

Sai ka san Baba kafin ka gane abin da nake nufi. Teburinsa yana wata doguwar baranda da ke fuskantar titi, tsakanin tela da mai gyaran takalmi. Akwatin gilashi ne a kai, cike da agogunan da masu su suka manta da su, sai hantsaki, da ƙananan sukudireba guda shida a jere daga babba zuwa ƙarami, da gwangwanin madara da yake tara matattun batura. Mutum ne da bai yarda da kalmar "wajen" ba. Ka ce masa za ka zo wajen ƙarfe huɗu, sai ya ce wajen ta gaba ko ta baya. In aka tambaye shi yaushe aka haife ni, zai ce ƙarfe tara da minti goma sha bakwai na safe, kuma agogon ɗakin haihuwar yana gaba da minti uku, ya gaya musu ba su gyara ba. Irin wannan mutumin aka ɗora wa amanar gida ɗari huɗu.

Farfesan ya ce abin da Baba ya faɗa shi ne abin da suka faɗa. Baba kuwa ya ɗauka abin da ya yi shi ne abin da suka yi. Shekarar da aka zo da tambayoyin lafiya, aka tambaye shi karan taba nawa yake sha a rana, ya ce biyar. Yana gama faɗa na ga fuskarsa ta canja. Da yamma ya tattara sauran tabar ya miƙa wa tela, ya ce ba zai zama sanadin tarin magidanta ɗari huɗu ba. Umma ta shekara goma tana masa magana a kan tabar nan bai ji ba. Shekarar da aka zo da tambayoyin karatun yara kuma ni na ɗanɗana kuɗata. Kullum sai ya zaunar da ni gabansa na yi aikin gida, ya ajiye agogo a gefen littafin, domin a cewarsa in na faɗi jarrabawa yara ɗari huɗu ne suka faɗi, kuma shi za a tambaya. Na yi kuka, na kai ƙara wurin Umma, ta ce ita ma a ƙarƙashin wakili take. Yau malamar makaranta ce ni, kuma ban san wa zan gode wa ba tsakanin Baba da mai sanƙon nan.

Masanan nan ba sa zama a kan abu ɗaya. Kowace shekara da abin da ya dame su, kuma kowannensu Baba ya raɗa masa suna. Akwai Dakta Tukunya, wadda ta zo tana so ta san su wane ne mutanen gida. A ƙa'idarta, mutanen gida su ne masu ci daga tukunya ɗaya. To muna da wani gwauro a ɗakin ƙasa, akawu ne, da ya san ranakun da Umma ke yin miyar nama fiye da yadda ya san ranar haihuwarsa. Sau biyu a mako yake hawowa gaisuwa daidai lokacin da ake sauke tukunya. Baba ya ce dole a sa shi. Dakta ta ce fom ɗin ba ya karɓar baƙo. Baba ya ce ba baƙo ba ne, biyu cikin bakwai na mutum ne, a rubuta haka. Suka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce, daga ƙarshe ta rubuta a gefen takarda don a zauna lafiya.

Akwai kuma Mai Tsani, wani siririn saurayi mai binciken farin ciki. Ya zana tsani mai hawa goma a takarda, ya ce ƙasa ita ce rayuwa mafi muni, sama mafi daɗi, Baba ya nuna inda yake tsaye. Baba ya ce a ba shi minti ashirin. Ya sa takalmi ya fita. Ashe zagaya maƙwabta ya tafi, wai ba zai yanke wa jama'a hukunci bai ji ta bakin kowa ba. Tela ya ce uku, haƙori ke damunsa. Mai gyaran takalmi ya ce tara, an yi masa jika. Baba ya dawo a minti na goma sha tara ya ce shida da rabi. Mai Tsani ya ce tsanin ba shi da rabin hawa. Baba ya ce to ƙafa ɗaya a shida, ɗaya a bakwai. Da aka juyo kan Umma, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce yanzu tana biyar, amma da zarar sun tafi za ta koma takwas.

Shekarar da Baba ya fi so ita ce ta binciken lokaci. Wata budurwa ta ce ya faɗa mata duk abin da ya yi jiya, daga farkawa har kwanciya. Allah sarki, ba ta san ta taɓo wa Baba inda yake masa ƙaiƙayi ba. Ya ba ta har minti huɗun da ya yi yana neman hularsa. Takardunta suka ƙare, ta ci gaba a bayan ambulan. Amma da aka zo kan Umma sai abin ya tsaya, domin gurbi ɗaya ne a fom ɗin ga kowane rabin awa, ita kuwa a rabin awa ɗaya ta ɗora ruwa, ta jiƙa wanki, ta yi mini kitso, ta raba faɗan yaran ƙasa. Budurwar ta ce ta zaɓi ɗaya. Umma ta ce, "Rubuta ina zaune, 'yar nan. Haka mai gidan yake gaya wa mutane." Baba ya karɓi takardar ya bi ta da yatsa, ya ga Umma ta riga shi tashi da awa ɗaya da minti goma, kuma ba ta sa gindinta a ƙasa ba sai bayan la'asar. Washegari muka iske shi tsugune yana wanke kofunan shayi. Umma ta ce lafiya? Ya ce ba don ita ba ne, mazaje ɗari huɗu yake gyarawa. Har ta bar duniya shi ke wanke kofunan nan.

Tukwicin da cibiyar ke bayarwa sabulu ne, sanda ɗaya duk shekara. Ba a taɓa wanka da ko ɗaya ba. Suna jere a saman kabad, kowanne da shekararsa a rubuce.

Daga nan abubuwa suka fara raguwa. Mutane suka koma duba lokaci a waya, aikin Baba ya koma canja batir da maɗauri. Yayana ya sami aiki a wata ƙasa, sai dai murya. Na yi aure na koma can ɗaya gefen gari. Shekara huɗu da suka wuce Umma ta rasu, kuma ba zan iya ba da labarin wannan da wasa ba, don haka zan wuce shi. Baba ya rage shi kaɗai a ɗaki biyu a saman bene, hawa ashirin da biyu, ga gwiwa ta fara ƙi, ga ido ya fara hazo. Rannan ya bar buta a wuta har gindinta ya ɓule. Da na yi magana, sai ya gaya mini minti nawa ta ɗauka kafin ta ɓule.

Maigidana, Allah ya saka masa, ya kwashe kayan ɗakin da ke kusa da ƙofa a gidanmu, ya sa aka yi fenti, har ya sa kafinta ya kafa katako a jikin taga inda haske ya fi, don teburin agogo. Ya je da kansa ya durƙusa ya roƙi Baba ya dawo wurinmu. Baba ya sa masa albarka, ya tambayi lafiyar yara, ya ce wakili ba ya tashi.

"Baba, wakilin wa?" Ni ce na kasa haƙuri. "Mutanen nan ko sunanka ba su sani ba."

"Ni ma ban san nasu ba, Uwata, amma ban taɓa ba su kunya ba." Uwata yake ce mini, sunan mahaifiyarsa na ci. "Layin farko a fom ɗin nan na maigida ne. Shekara goma sha tara ni ne a layin farko. A gidanku wane layi za a sa ni?"

Na san ba fom ba ne. Baba ba zai iya zama a inuwar surukinsa ba, ya ji wani na buɗe ƙofa yana rufewa ba da izininsa ba. Amma ya sami gida ɗari huɗu ya laɓe a bayansu, ni kuma ba ni da yadda zan yi gardama da mutanen da ba a gani. Haushi ya ishe ni. Na ce to shi ke nan, abin da zan iya zan yi. Kullum in na tashi daga makaranta sai na biya gida na ɗauki kular abinci, na hau ashirin da biyun nan ina haki, na miƙa masa a bakin ƙofa, na karɓi ta jiya, na sauko da gudu don yara na jira. Ko rana ɗaya ban taɓa fashi ba. A ɗakin malamai har misali ake yi da ni, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

Bana da aka aiko cewa masu tambaya za su zo ranar Laraba, sai na ƙulla dabara. Na nemi izini a makaranta, na tsaya a ƙasan bene na tare su. Mace ɗaya ce ta zo, wata sabuwar dakta, matashiya da tabarau, ba jaka ba takarda, sai 'yar kwamfutar hannu. Ta ce bincikenta a kan tsofaffi ne, yadda suke rayuwa da wanda ke kula da su. Na ce Allah ya kawo ki. Na zayyana mata komai, na roƙe ta ta gaya wa Baba an rufe binciken, ko an sauke shi, ko ma ɗari huɗun sun tashi sun bar gari.

Ta yi murmushi. "Anti, ba ma gaya wa mai amsa abin da zai yi. Tambaya kawai muke yi mu rubuta."

Na ce a raina shi ya sa shekara goma sha tara kuna tambaya ba abin da ya canja. Na bi ta a baya da kulata ina cika ina batsewa.

Baba ya sa farar rigarsa, ya ɗaura agoguna biyu, ɗaya a kowane hannu, kamar yadda yake yi ranar tambayoyi. Ya zaunar da ita a kujerar Umma. Ni na tsaya a bakin ƙofa.

Tambayoyin farko sun tafi lafiya. Yana iya hawa bene? Yana iyawa, minti biyu da daƙiƙa arba'in, da can daƙiƙa hamsin ne. Yana shan magani? Yana sha. Akwai mai kawo masa abinci?

"'Yata. Kullum. Uku saura minti ashirin, in an yi cunkoso uku saura kwata."

Na gyara tsayuwa, na ɗan ɗaga kular don Dakta ta gani.

"A kwana bakwai da suka wuce, Baba, kwana nawa ka ci abinci tare da wani?"

Baba ya ɗaga kai sama ya fara bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Talata, Litinin, Lahadi. Ya tsaya. "Wanda ya tsaya a ƙofa yana ciki?"

"A'a, wanda ya zauna kuka ci tare."

"Rediyo fa?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. "Ban da rediyo."

Ya ƙarasa yatsunsa bakwai, ya sake bi daga farko, don Baba ba ya ba da amsa bai duba sau biyu ba. "Babu."

Ta kai yatsa za ta danna, ya ɗaga hannu. "Dakata, Dakta. Wannan babun, nawa ne ni kaɗai, ko har da su?"

"A lissafi, har da su, Baba."

"Tsofaffi ɗari huɗu." Ya cire tabaransa ya ajiye. "Kowa shi kaɗai da kwanonsa, kwana bakwai." Na san muryar nan, ita ce wadda yake yi in aka kawo masa agogon da wani ya buɗe da wuƙa. Ransa ne ya ɓaci da gaske, kuma ba don kansa ba, ko kallon inda nake bai yi ba. "To wai su duk ba su da 'ya'ya ne?"

Dakta ta sunkuyar da kai kan kwamfutarta. Ni kuwa ina tsaye daidai inda nake tsayawa kullum, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, da kula a hannu. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Shekara huɗu ina kawo wa Baba abinci, ban taɓa ganin yana ci ba.

Na cire takalmi na shiga. Na buɗe kabad, na ɗauko faranti biyu daga cikin na Umma, duk sun yi ƙura, na ɗauraye. Na zauna a ƙasa gabansa na zuba.

Baba ya dube ni, ya dubi farantin, ya juya wurin Dakta da sauri. "Yau ba ta cikin kwana bakwai ɗin. Kada ki canja amsa."

"Ba zan canja ba, Baba."

Muka ci. Ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, kuma ashe kullum haka yake, bai dai sami wanda zai gaya wa ba. Dakta ta ƙi abinci, ta ce ƙa'ida, amma ta karɓi shayi. Sai da ya kusa cinyewa ya yi gyaran murya, yana kallon cokalinsa.

"Dakta, tambaya ce, ba wai wani abu ba. In wakili ya tashi daga gidansa, me kuke yi?"

"Bin sa muke yi. Mu rubuta cewa ya koma wurin 'yarsa."

"Su ma sauran sun koma ke nan?"

"A lissafi, haka ne."

"Wane layi?"

Ta tambaye ni yara nawa, na ce uku. Ta ƙirga. "Layi na shida. Mahaifin matar gida."

"Na shida." Ya daɗe yana tauna lomar nan. Na san in na sa baki na ɓata. Can ya ajiye cokali, ya goge hannu. "Ni dai ba don kaina ba."

Ya tashi, gwiwar ta yi ƙara, ya ɗauko hantsakinsa da ɗan gilashin ido. Ya ce in riƙe masa kujera. Ya taka, ya kai fuskarsa dab da saman ƙofa, ya fara ɗaga gefen shuɗiyar sitikar nan da ta koɗe har lambar ba ta karantuwa. A hankali, a hankali, ba ta yage ko kaɗan ba. Da ya sauko ya duba agogon dama, ya duba na hagu, ya ce minti goma sha ɗaya. Ya kwantar da ita a cikin murfin wani tsohon agogon aljihu ya rufe.

"Uwata, sabulan nan a kwali daban za a sa su." Ya miƙo mini farantinsa in ƙara masa. "Kuma ki gaya wa yaron nan, mijinki, ya shirya. Muna da yawa."